Daga Bakin Wa Aka Ji Labarin Munshi?

Kusan ƙarni guda ana kwatanta Abdul Karim, hadimin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, da makwaɗaci mai girman kai da ya yaudari tsohuwa. Amma daga bakin wa aka ji? Daga wasiƙun fadawan da suka ƙi jininsa, irin su likitan Sarauniya, James Reid. Shaidar kishiya ke nan, aka karɓa ba tare da bincike ba.

Ya zo daga Agra a 1887 domin hidimar abinci. A shekara mai bi masa ya zama Munshi, malamin da ke koya wa Sarauniya harshen Urdu. Babban aibin da suka tono shi ne cewa mahaifinsa mai haɗa magani ne a gidan yarin Agra, alhali ya ce babban likita ne. Na yarda, ya ƙara wa asalinsa gishiri, ya kuma nemi filaye da lambobin girma. To, wane bafade ne a Windsor bai nema ba? Abin da aka yafe wa Bature shi aka tuhumi Musulmin Indiya da shi.

Da Sarauniya ta rasu a 1901, ɗanta Edward na Bakwai ya sa aka ƙone wasiƙun da ta rubuta wa Munshi, aka mayar da shi Indiya, inda ya rasu a 1909. Me ke cikin takardun da har sai wuta? Littattafan darasinta na Urdu sun tsira, kundin da shi kansa ya rubuta kuma ya ɓullo daga hannun danginsa a Karachi a 2010. Su ya kamata masana tarihi su fara buɗewa kafin wasiƙun Reid.