Shoaib Bashir: Ingila ta ɗora yaro a kan doki, ta manta ba ta ba shi linzami ba

A watan Disamban 2023, da hukumar wasan kurket ta Ingila ta sanar da 'yan wasan da za su tafi Indiya, suna ɗaya ya sa masana suka yi turus: Shoaib Bashir, matashi ɗan shekara 20, wanda duka-duka wasa shida ya taɓa yi a babbar gasar gundumomin ƙasar, ya fitar da masu bugu goma kacal. Kyaftin Ben Stokes ya fara ganinsa ne a wani guntun bidiyo a intanet, yana jefa wa tsohon kyaftin Alastair Cook ƙwallo. Labarin yana da daɗin ji, amma ina ganin a cikinsa akwai kuskuren da ke neman cinye yaron.

Masu jifa a kurket iri biyu ne. Akwai masu dogaro da gudun ƙwallo, akwai kuma masu murza ta da yatsu ko wuyan hannu, ta tafi a hankali, in ta taɓa ƙasa ta karkace ta yaudari mai bugu. Bashir na cikin kashi na biyu. Dogo ne, ya haura mita 1.9, don haka ƙwallonsa daga sama take saukowa, ta yi tsalle fiye da yadda mai bugu ya zata. Wannan baiwar ce ta ja hankalin Stokes da koci Brendon McCullum.

Ba za a ce idonsu ya yi musu ƙarya ba. Jinkirin biza ya hana shi wasan farko a Haidarabad, amma a Fabrairun 2024 ya fara wasa a Visakhapatnam, kuma wanda ya fara fitarwa shi ne kyaftin ɗin Indiya, Rohit Sharma. A Ranchi ya fitar da mutum biyar a zubi ɗaya, ya maimaita a Dharamsala. A watan Yuli ya yi wa tawagar Yammacin Indiz irin haka a filin Trent Bridge. A Mayun 2025, a karawa da Zimbabuwe, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya fitar da mutum 50 a manyan wasannin kwana biyar a tarihin Ingila. Bayan wata biyu, a filin Lord's na Landan, da karyayyen ɗan yatsa a hannun hagu, ya fito ya fitar da Mohammed Siraj, mutum na ƙarshe, Ingila ta doke Indiya da maki 22.

To ina kuskuren? A gida yake. A ƙungiyarsa ta wancan lokaci, Somerset, Jack Leach, wanda ya girme shi da shekara goma sha biyu, shi ne zaɓin farko. Sai aka wayi gari gwanin murza ƙwallo na ƙasa ba ya samun gurbi a ƙungiyar gundumarsa. Aka ba da aronsa ga Worcestershire a 2024, sannan ga Glamorgan a 2025. Bugu da ƙari, yawancin wasannin gasar gundumomi ana yin su ne a Afrilu da Mayu da Satumba, lokacin da fili ke da laima da ciyawa, yanayin da ke taimakon masu jifan gudu. Mai murza ƙwallo yakan wuni a tsaye ba a kira shi ba.

Sana'ar nan kuwa ba a koyonta sai da maimaici. Mai murza ƙwallo yana bukatar dubban jifa kafin hannunsa ya san inda zai ajiye ta sau shida a jere, ya kuma san yadda zai yi in mai bugu ya far masa. Shane Warne na Ostireliya, wanda da yawa ke ɗauka gwanin gwanaye, a wasansa na farko a 1992 maki 150 aka ci a kansa, mutum ɗaya ya fitar. Graeme Swann na Ingila sai da ya kai shekara 29 kafin ya buga babban wasansa na farko a 2008, bayan shekaru yana gogewa a gundumomi, kuma ya yi ritaya da mutum 255 a wasa 60. Swann ya yi kurakuransa a gaban 'yan kallo kaɗan. Bashir yana yin nasa a gaban kyamarorin duniya.

Masu goyon bayan Stokes za su ce da an jira gundumomi, da har yau ba a san yaron ba, domin Surrey ta sallame shi tun yana matashi. Wannan gaskiya ne, kuma ban ga laifin ɗauko shi ba. Laifin shi ne abin da ya biyo baya. An shafe kusan shekara biyu ana nuna cewa shi ake tanada don gasar Ashes a Ostireliya. Da lokacin ya zo a ƙarshen 2025, ko wasa ɗaya cikin biyar bai buga ba. Aka fifita Will Jacks saboda ya fi shi iya bugu, Ingila kuma ta sha kashi huɗu da ɗaya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. In a ranar bukata ba a amince da shi ba, ashe tanadin da aka yi bai cika ba, kuma ba shi ne ya tsara tanadin ba.

Gyaran a bayyane yake. Duk matashin da hukumar ta zaɓa a matsayin mai murza ƙwallonta, wajibi ne ta tabbatar yana da ƙungiyar da zai buga mata kowane mako, ba aro na 'yan makonni ba. A mayar da wasu wasannin gasar gundumomi tsakiyar bazara, lokacin da fili ke bushewa, a kuma riƙa tura irin waɗannan matasa su yi kaka guda a Indiya ko Sri Lanka, inda ƙasa ke karɓar sana'arsu.

Shekarun Bashir ba su kai rabin ashirin da talatin ba, alhali masu irin jifansa sukan nuna ne bayan sun doshi talatin. Lokaci yana nan, muddin waɗanda suka ɗauko shi da gaggawa ba su ajiye shi da irin wannan gaggawar ba.