A biya kafin katafila ta iso

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Gwarzo ya san wahalarta: ramuka, ƙuncin titi, da haɗurran da suka cinye rayukan 'yan kasuwa da ɗalibai. Don haka da gwamnatin tarayya ta ba da aikin faɗaɗa hanyar Kano zuwa Gwarzo har Dayi ta jihar Katsina, ba wanda ya ƙi murna. Ni ma ina cikin masu murnar. Sai dai titi ba ya faɗaɗa a kan iska. Duk taku ɗaya da aka ƙara masa, daga gonar wani aka yanko, ko shagon wani, ko zauren gidan wani. Wannan mutumin nake so mu yi magana a kansa yau, domin shi ne ba a gayyata ranar yanka ƙyalle.

Mutanen yammacin Kano ba baƙin wannan lamari ba ne. Tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, Kano ta ɗauki gina madatsun ruwa a matsayin maganin fari, kuma hukumar ruwa ta WRECA ta ci gaba da aikin bayansa. A yankin Gwarzo da Kabo kaɗai akwai madatsun Guzuguzu da Magaga da Pada da Marashi. A maƙwabciyarsu Ƙaraye akwai Kusalla, ga kuma babbar madatsar Challawa da kamfanin Julius Berger ya gina tsakanin 1990 da 1992, mai tsawon fiye da kilomita bakwai. An sami ruwan sha, an sami kifi, an sami lambun tumatir da albasa da rani. Amma ruwan dam ba a kan tsandauri yake kwanciya ba. Kwari yake bi, ya cinye fadama, wato mafi kyawun ƙasar da ƙauye yake da ita. Wanda aka tasa daga bakin rafi aka mayar da shi tudu, ko da an auna masa fili daidai da nasa, an rage masa arziki.

Mu ɗan leƙa waje mu ga yadda abin ya kasance a manyan ayyuka. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta tashi mutane fiye da dubu arba'in, har garin Bussa ya nutse aka gina sabo. Tiga da aka kammala a 1974 ta tashi fiye da mutum dubu goma. Mafi muni shi ne na madatsar Bakolori, kusa da Talatar Mafara. Manoman da aka karɓe wa gonaki sun gaji da jiran diyya, suka tare hanyoyin aikin. A ranar 28 ga Afrilu, 1980, aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta ce mutane kaɗan ne suka mutu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, talakawan da aka ce don su ake aikin su ne aka harbe a kan haƙƙinsu.

To me ya sa kusan kowane aiki yake ƙarewa da kuka iri ɗaya? A ganina tushen matsalar yana cikin dokar amfani da ƙasa ta 1978. Wannan doka ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon karɓe fili idan maslahar jama'a ta buƙata. Sashe na 29 kuma ya ce a biya diyya, amma diyyar abin da ke kan ƙasar ce: gini, shuka, itatuwa. Ita kanta ƙasar, wadda mutum ya gada kaka da kakanni, ba ta da farashi a wannan lissafi.

Ku duba yadda abin yake a aikace. Masu ƙiyasi sun zo da littafi da tef ɗin awo. Suka tarar da gona da rani, ba komai a ciki sai karan dawa da kuka biyu da ɗorawa ɗaya. Suka rubuta itatuwa uku, suka wuce. Ba su rubuta damen dawa da gero da gonar take bayarwa kowace kaka ba. Ba su rubuta takin da aka shekara ashirin ana kai mata a kan jaki ba. Ba su rubuta cewa da kalwar ɗorawar nan uwargida take yin daddawar da take kaiwa kasuwa, ta sayi sabulu da littafin yara ba. A cikin gari kuwa, jan fenti ake shafa wa bango, mai gida ya wayi gari ya ga an raba ɗakinsa biyu da alama, bai san ranar rusau ba, bai san ranar biya ba.

Sannan akwai waɗanda sunansu ba ya shiga littafin ko kaɗan. Wanda yake noma gonar aro ko ta jingina, kuɗin na mai gona ne, shi kuwa ya tashi a tutar babu. Mace mai gado a gonar gandu, sau da yawa babban wa ne yake sa hannu ya karɓa. Bafulatanin da burtalinsa da mashayarsa suka shiga cikin aikin ba shi da takardar da zai nuna, sai ya kora shanu ta cikin gonakin mutane, gobe a ce rikicin manoma da makiyaya ya tashi, a manta da wanda ya toshe hanyar tun farko. Mai tireda da mai shayi da mai faci a bakin titi, su ko ba a ma ɗauke su masu asara ba.

Wanda ya samu kuɗin ma, ba lallai ya tsira ba. Idan an yi shekara uku ko huɗu kafin a biya, tsadar kaya ta riga ta cinye rabin darajarsu. Kuma da zarar labari ya bazu cewa an biya diyya, farashin gonakin kusa sai ya haura. Kuɗin da ba su isa sayen gona ba, sai su tafi a babur, ko aure, ko biyan bashi. Bayan damina biyu, magidancin da yake ciyar da gidansa daga rumbunsa ya koma ɗan ga-ruwa ko ɗan dako a Kano.

Wani zai ce ai ci gaba sai da sadaukarwa, kuma ba za a hana miliyoyi titi ko ruwa saboda gonar mutum ɗari ba. Na yarda. Amma idan miliyoyi ne za su amfana, miliyoyin ne ya kamata su ɗauki nauyin, ta baitulmalin gwamnati, ba a ɗora wa mutum ɗarin su kaɗai ba. Muna da abin koyi a addininmu. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai gina masallacinsa a Madina, filin na wasu marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu. Sun so su bayar kyauta, bai karɓa ba sai da aka saya. Idan masallacin Annabi bai hau filin marayu kyauta ba, wane titi ne ko wane dam zai hau? Shi ma tsarin mulkin 1999, a sashe na 44, cewa ya yi a biya diyya ba tare da jinkiri ba.

Abin da nake roƙo ba mai wuya ba ne. Na farko, kada katafila ta taɓa bango ko kunya sai kuɗi sun shiga hannun mai su. Na biyu, manomi a ba shi gona a madadin gona, mai kyawun irin tasa, ba takardar banki kaɗai ba. Na uku, a yi ƙiyasi a bainar jama'a, a gaban dagaci da mai unguwa da limami, a liƙa sunaye da adadin kuɗi a ƙofar fada da sakatariyar ƙaramar hukuma, yadda sunan bogi ba zai sami wurin ɓuya ba. Na huɗu, a saka mata da masu aro da makiyaya da 'yan tireda a lissafi. Na biyar, duk inda aka yi dam, waɗanda ruwan ya tasa su ne farkon masu samun filin noman rani, kafin manyan mutanen da za su zo daga birni.

Su ma jama'a da nasu aikin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada ku sa hannu ko ku dangwala a takardar da ba a karanta muku ba. Ku ɗauki hoton gona da gida kafin a rusa, ku kafa kwamiti, ku riƙa tafiya tare, ku nemi lauya tun da wuri.

Ga wakilanmu na Kano ta Arewa a Abuja, da 'yan majalisar jiha na Gwarzo da Kabo, da shugabannin ƙananan hukumomin biyu: kun yi ƙoƙari wajen jawo ayyuka, mun gode. Saura ku bi sawun waɗanda ayyukan suka tasa, gida gida, ku tabbatar an sallame su. Haƙƙi ne a wuyanku, kuma za a tambaye ku.