C350 ta 2010 ko ta 2012? A leƙa inji kafin a kalli fitila

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin dillalan mota a Titin Katsina ya san yadda ciniki ke farawa. Matashi ya nuna Mercedes C350, dillali ya shafa fitilar gaba ya ce "2013 ce, yallaɓai", kuɗi ya yi sama nan take. Ba a cika buɗe bonet ba sai an kusa gama magana.

A wannan samfurin, wato W204 da aka yi wa kasuwar Amurka daga 2008 zuwa 2014, fuska ba ta tabbatar da komai. Masu gyaran bodi a Kano sun iya ɗora wa 2008 bamba da fitilu da danjar 2013, ta fito tas. Ko kamfanin da kansa ya raba fuska da inji: C300 ta 2012 ta zo da sabuwar fuska, amma tana ɗauke da tsohon inji mai lita 3.0. Sai a 2013 aka canza mata.

A C350 kuwa iyakar a fili take. Daga 2008 zuwa 2011 injin M272 ne, silinda shida, lita 3.5, ƙarfin doki 268. Daga 2012 aka koma M276, girma ɗaya, amma doki 302, ga shi bai kai tsohon shan mai ba. A takarda babu gardama, sabon ya ci. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, ba a raina injin da ke rage zuwa gidan mai.

Duk da haka, ga matashin da ya tara kuɗinsa da ƙyar kuma ba shi da wasu a ajiye, 2010 ko 2011 ta fi kwanciyar hankali a Kano.

Dalilin yana cikin yadda kowanne ke shan mai. M272 yana fesa fetur ne a bakin bawul, da matsin da bai taka kara ya karya ba. M276 kai tsaye yake harba shi cikin silinda, ta hanyar famfo na biyu mai tsananin matsi da nozul masu laulayi. Daga nan ƙarin doki 34 ɗin ya fito, daga nan kuma tsadar gyara take. Irin wannan tsari ba ya son datti ko ruwa a fetur. Ba a manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol ƙasar nan, motoci suka riƙa tsayawa. Ballantana mai sayen galan wurin 'yan bumburutu duk ranar da layi ya yi tsawo. Nozul ɗin M272 kusan kowane bakanike a Kwakwaci ya san hannunsa, kayansa kuma ba sa wuya a shagunan Sabon Gari. Na M276 sai an nemi wanda ke da kwamfutar da za ta saita shi bayan an ɗaura.

Amma kada a ɗauka duk M272 lafiyayye ne. Waɗanda aka fara ƙerawa, daga 2005 zuwa wajen 2007, sun zo da wani giya mai laushin ƙarfe a sandar da ke daidaita girgizar inji. Haƙoransa na cinyewa, sarƙar taimin ta saki, fitilar inji ta kunna. Gyaran na buƙatar sauke injin gaba ɗaya. Kamfanin ya gyara matsalar daga baya, sai dai wasu 'yan farkon 2008 na iya faɗawa ciki, shi ya sa 2010 da 2011 suka fi aminci. Akwai kuma wata 'yar roba a bututun shaƙar iska da ke karyewa a kowace shekara, amma wannan ciwon kai ne kawai, ba ajali ba.

Shi ma M276 na farko-farko yana da tasa: ƙarar sarƙa ta 'yan daƙiƙu idan an tayar da shi da sanyin safiya. Dillalin da ya riga ya ɗumama mota kafin mai saye ya iso, a tambaye shi dalili.

Abin daɗin shi ne wayar da ke aljihu ta isa ta raba gardama. A motar Amurka, harafi na goma a lambar shasi shi ne shekara: 8 na nufin 2008, 9 na 2009, A na 2010, B na 2011, C na 2012, D na 2013, E na 2014. Ta Turai ba ta bin wannan tsarin, sai dai a sa lambar a manhajar binciken shasi. Sannan ga ƙaramar na'urar OBD2 mai Bluetooth da ake soka wa ƙarƙashin sitiyari. Idan ta nuna P0016 ko P0017 a kan M272, taimin ya goce, kuma giyan nan ne abin zargi na farko. Wasu kan goge lambobin kafin ciniki, don haka a zagaya da motar sosai, a sake dubawa.

Wani tarkon kuma: motar 2011 ce da gaske, amma injinta ya taɓa bugawa, aka ɗora mata na Beljiyam da aka ciro daga E350 ta 2006. Shasi zai ce 2011, bodi zai ce 2011. Lambar da aka buga a jikin injin ce kaɗai za ta tona, kuma sai an sunkuya da tocilan waya kafin a gan ta.