Dillalin Da Ke Cikin Aljihu

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Assakio, garin nan na Alago da ke kan hanyar Lafiya zuwa Shendam a Jihar Nasarawa, ya san matsayin dillali. Manomi ne ke kawo doya ko riɗi ko shinkafa, amma dillali ne ya san nawa aka sayar, da wanda ya saya, da kuma ko matsuwa ce ta fito da mai kaya. Saboda haka babu manomi mai hankali da zai damƙa amfanin gonarsa ga dillalin da bai san halinsa ba. To, sai ga shi wannan mai tsantseni yana yawo da wani dillali a aljihunsa dare da rana, bai kuwa taɓa tambayar wanda ke biyansa la'ada ba. Wannan dillali shi ne burauza, watau manhajar da ake buɗewa a waya ko a kwamfuta domin shiga intanet.

Ta hannun burauza ne mutum ke neman farashin taki, da maganin wata cuta da yake jin nauyin faɗa wa ko da ɗan'uwansa, da inda zai samu rance. Kamfanonin talla suna son sanin duk waɗannan. Babbar dabararsu ita ce wasu 'yan ƙananan alamomi da ake kira kukis, waɗanda shafi ke ajiyewa a cikin waya. Wasu kukis ɗin na da amfani, domin su ne ke sa shafi ya gane mai shi idan ya dawo. Amma akwai na baƙi, waɗanda kamfanin talla ke dasawa a shafuka masu ɗimbin yawa, ta yadda zai bi sawun mutum daga wannan shafi zuwa wancan. Wata dabarar kuma ita ce a haɗa irin wayar, da girman fuskarta, da harshen da aka sa mata, har a gane ta a cikin dubu kamar yadda makiyayi ke gane saniyarsa a garke.

Hausawa na cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Kusan kowane burauza kyauta ne, don haka tambayar farko ita ce daga ina mai shi ke cin abinci. Chrome, wanda Google ya fitar a 2008 kuma yake zuwa a cikin yawancin wayoyin Android, yana da sauri da kuma kyakkyawan tsaro daga ɓarayin intanet. Sai dai mafi yawan kuɗin shigar Google daga talla ne. A 2020 kamfanin ya yi alkawarin kawar da kukis na baƙi daga Chrome, amma a watan Yuli na 2024 ya janye wannan shiri.

Opera Mini kuwa ya samu karɓuwa a Nijeriya saboda tattalin data, abin da ba ƙaramin alheri ba ne ga mai sayen data da kuɗin cefane. Kamfanin Opera a Norwe aka kafa shi, sannan wasu kamfanonin ƙasar Sin suka saye shi a 2016. Idan aka kunna masa matsanancin tattali, shafi yakan fara biyawa ta kwamfutocin kamfanin a matse shi kafin ya iso waya. Ke nan an samu wani a tsakani, kuma bai dace a yi harkar banki ta wannan hanya ba.

Firefox na ƙarƙashin gidauniyar Mozilla ne, wadda ba don riba aka kafa ta ba, kuma tun 2019 yake toshe kukis na masu bin sawu ba tare da sai an umarce shi ba. Amma gaskiyar magana, kaso mafi tsoka na kuɗin Mozilla daga Google yake fitowa, ladan sanya shi a matsayin injin bincike na farko. Brave, wanda ya fito a 2016, yana toshe talla da masu bin sawu, abin da ke rage cin data, ko da yake shi ma yana da nasa tallan ga wanda ya amince. Safari ya toshe kukis na baƙi gaba ɗaya a 2020, sai dai a kayan Apple kaɗai ake samunsa.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan sun buɗe shafin sirri na Incognito sun ɓace ke nan. Ba haka abin yake ba. Aikinsa shi ne hana wayar ajiye tarihin inda aka shiga, saboda mai aron waya. A 2020 wasu mutane a Amurka sun kai Google ƙara a kan wannan batu, kuma a 2024 kamfanin ya yarda zai goge biliyoyin bayanan da ya tara. Haka kuma shafin sirrin ba ya ɓoye wa kamfanin sadarwa inda mutum ya nufa, ga shi tun Disamba 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa.

Hukuma dai ba ta yi barci ba. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ba ɗan ƙasa ikon sanin abin da aka tara a kansa da neman a goge. A Yuli 2024 hukumar kare masu saye, FCCPC, ta ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220, cikin dalilan har da yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya. Amma Abuja ba za ta zo Assakio ta gyara wa kowa wayarsa ba.

Abin da ya rage ga mai waya ba shi da wuya. Ya sauko da burauza daga Play Store ko App Store da kansa, maimakon wanda aka tura masa daga wata waya a shagon caji. Ya riƙa sabunta shi. Ya shiga saituna ya toshe kukis na baƙi. Ya hana shi lambobin mutane da sanin wurin da yake, sai da dalili. Ya ware burauza ɗaya domin banki da imel, wani dabam domin karatu da bincike, kuma a na biyun kada ya shiga da asusunsa na Google ko Facebook, domin wanda ya faɗi sunansa a bakin ƙofa rawani ba zai ɓoye shi ba.

Babu dillalin da ba ya cin la'ada, amma akwai mai riƙon amana, akwai kuma mai kai asirin mai kaya ga mai saye. Wanda aka gaya masa bambancin, ya ci gaba da riƙe na biyun, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.