Waiwaye Adon Tafiya: Shekarar 1994

A 1994 ina ɗan makaranta, kullum rediyon babanmu sai ta sa waƙar Youssou N'Dour da Neneh Cherry, "7 Seconds", wadda ta yi mako 16 tana kan gaba a Faransa. A rediyon nan muka ji an karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairu, an fara kisan ƙare-dangi a Ruwanda a Afrilu, an rantsar da Mandela a Mayu.

Kwanan baya na tambayi ɗalibaina. Wasu sun san waƙar, amma ba wanda ya taɓa jin abin da ya faru a Ruwanda. Laifinmu ne, malamai da iyaye. Don Allah mu riƙa zaunar da yaranmu muna ba su labari.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.