Darasin Deep Space 1: Kada a yi gaggawar yafe kumbon da ya lalace

A watan Nuwamban 1999, na'urar da kumbon Deep Space 1 ke gane taurari da ita ta daina aiki. Da ita yake sanin inda ya fuskanta, ya juya eriyarsa zuwa duniya, ya kuma saita injinsa. Rashinta tamkar makanta ce a tsakiyar sararin samaniya, inda babu mai gyaran da zai iya kai masa hannu.

Hukumar NASA ta Amurka na da hujjar rufe aikin. Ta harba kumbon ne a Oktoban 1998 domin gwada sabbin fasahohi 12, kuma ya riga ya gama wannan. Amma injiniyoyin cibiyar JPL da ke Kalifoniya suka shafe kusan wata bakwai suna rubuta sabuwar manhaja, suka aika masa ta rediyo. Kyamarar da aka yi don ɗaukar hoto ta koma idon tuƙi, tana kafa wa tauraro guda ido domin kumbon ya san matsayinsa.

Ranar 22 ga Satumban 2001, ya wuce tauraro mai wutsiya Borrelly da tazarar kilomita kusan 2,200, babu ko garkuwar da za ta kare shi daga ƙura. Hotunan da ya aiko sun fi duk waɗanda aka samu kafin lokacin.

Turai ma ta ga irin wannan. A Maris 1986, ƙura ta lalata kyamarar kumbon Giotto sa'ilin da ya wuce tauraron Halley da tazarar kilomita 596. Aka kwantar da shi, aka sake tayar da shi a 1990, kuma a Yulin 1992 ya kusanci tauraron Grigg-Skjellerup da sauran na'urorinsa masu rai.

Masu adawa da tsawaita irin wannan aiki na cewa gara a kashe kuɗin kan sabon kumbo, domin tsoho na iya mutuwa kowane lokaci. Maganarsu na da tushe: Deep Impact, wanda ya wuce tauraron Hartley 2 a 2010, ya ɓace a 2013 saboda matsalar lissafin lokaci a kwamfutarsa. Sai dai kafin nan ya riga ya ziyarci taurari masu wutsiya biyu, alhali don guda ɗaya aka ƙera shi. Kuɗin riƙe tawagar masu tuƙi bai kama ƙafar kuɗin ƙerawa da harba sabo ba.

Wucewa kusa da tauraro mai wutsiya dama ce ta ɗan lokaci, ba a komawa baya a sake. Duk hukumar da ke tsara irin wannan tafiya ya kamata ta ware kuɗin riƙe ƙwararrun da suka san kumbon ciki da waje, ta kuma ƙera shi yadda za a iya sauya masa manhaja daga duniya.