Kaligula: haukan sarki ko ragwancin majalisa?

Masu cewa ciwon da ya kwantar da Kaligula, sarkin Rum, shi ne ya haukata shi, wanke masu laifi suke yi. Lalle ya sha wuya: yana shekara 7 ubansa Jermanikus ya rasu, sarki Tiberiyus ya kore uwarsa, yayyensa biyu suka mutu a tsare, shi kuwa ya ƙarasa girma a tsibirin Kafri yana yi wa azzalumin fadanci. To amma wa ya danƙa wa wannan maraya iko duka a shekara ta 37 miladiyya? Majalisar dattawa! Kirari ta yi ta yi masa har dogaransa suka kashe shi a 41. Jama'a, mai taɓin hankali magani yake buƙata. Wanda ya miƙa masa takobi shi ne abin tuhuma.